Shekarar da Muryar Guntu Ta Buɗe

Har yau, da furfura a gemunsa, da tsawon da sai ya sunkuya kafin ya shiga ƙofar ɗaki, Guntu ake kiransa. Ba ya jin haushi.

Yana ɗan shekara goma sha shida, shi ne ƙarami a jiki a duk ajinsu. Abokansa sun miƙe, wannan gashin baki ya fara tsiro masa, wancan ƙuraje sun feso masa a goshi, in suna hira kamar ana mirgina ganga. Shi kuwa wandon makarantar da Baba ya ɗinka masa shekara uku baya yana nan daidai da shi. Baba tela ne, ya naɗe ƙafar wandon ciki sosai, wai saboda gaba. Gaban ta ƙi zuwa.

Abin da yake taƙama da shi murya ce, siririya, tas kamar ƙararrawa. Saboda ita shugaban makaranta ya ba shi karanta sanarwa a taron safiyar Litinin, bisa wani akwati da ake ajiye masa don a hango shi.

Wata rana da la'asar Yaya, babbar yayarsa mai aikin jinya, ta dawo ta same shi yana reto a jikin ƙarfen shanya.

"Kai kuma lafiya?"

"Motsa jiki nake."

"Motsa jiki da hawaye? Sauko, gobe za ka raka ni asibiti."

Likitar dattijuwa ce mai tabarau. Ta auna tsawonsa, ta duba shi, ta sa aka ɗibi jini, aka ɗauki hoton ƙashin hannunsa na hagu. Da sakamako ya fito, ta ɗaga hoton wajen hasken taga.

"Ka ga waɗannan 'yan ratar tsakanin ƙasusuwa? Wurin girma ne, ba su rufe ba. Kai shekararka sha shida, ƙashinka bai wuce sha uku ba."

"To ciwo ne?"

"A'a, jinkiri ne." Ta taɓa tsakiyar goshinsa da biro. "Can ciki, ƙwaƙwalwa ce ke fara aika saƙo, kaɗan-kaɗan, galibi kana barci. Akwai wani ɗan ƙulli a ƙarƙashinta, bai wuce ƙwayar wake ba. Shi ke karɓa, ya zuba sinadari a jini, sinadarin ya je ya tashi maraina, su kuma su saki nasu. Daga nan ƙashi ya miƙe, kafaɗa ta buɗe, maƙogwaro ya girma. Naka ya makara ne kawai. Sau da yawa gado ne. Ka tambayi mahaifinka."

Suka biya shagon Baba. Yana kan keken ɗinki, tef a wuyansa. Yaya ce ta yi tambayar, don Guntu kunya ta hana shi.

Baba ya tsayar da keken, ya daɗe yana gyara zare. "Ni sai da na kusa sha takwas. Da ƙanena ake haɗa ni, a ce shi ne wa."

"Baba! Shi ne ba ku taɓa faɗa mini ba?" in ji Guntu.

"Wa ya tambaye ni?" Ya ci gaba da ɗinki, yana murmushi.

Bayan wata takwas takalmi ya fara matse shi. Sai yunwa, irin wadda Inna ta ce ko rami aka haƙa a cikinsa. Gwiwoyinsa suka riƙa ciwo, warin hammata ya sa Yaya ta sayo masa sabulu nasa shi kaɗai. Baba ya warware naɗin wandon, bayan wata uku ya haƙura ya ɗinka sabo.

Wata Litinin ya hau akwatinsa, ya fara: "Ana sanar da ɗalibai..." Muryar ta faɗi ƙasa, ta yi tsalle sama kamar kukan zakaran da bai iya cara ba. Filin ya ɗauki dariya, har malamai. Ya sake gwadawa, ta sake kuɓuce masa. Mako na gaba aka ba wata 'yar aji ɗaya takardar sanarwar.

Abin da ya shekara uku yana roƙo ya samu, amma ranar a bayan aji ya zauna ya yi kuka. Ba wanda ya taɓa naɗar waccan muryar a kaset. Yanzu ko shi ba ya iya tuna ta sosai, sai dai yadda fili ke yin tsit in ya buɗe baki.

Shekaru da yawa bayan haka, wata biyu da rasuwar Baba, ya kira Yaya a waya ya yi sallama. Shiru.

"Yaya? Kina ji na?"

"Ina ji." Ta ja hanci. "Wallahi na ɗauka shi ne. Muryarsa ce sak, Guntu. Kar ka kashe, yi ta magana. Faɗa mini ko me ne."

Sai ya gyara zama, ya shiga ba ta labarin yara da yadda rufin kicin ya fara yoyo.