Makarar da Rabo Ya Aro

In ana hirar Rabo masinja, kowa da abin da yake faɗa. Masu sharar ofis su ce mutumin kirki ne. Akawu ya ce ba kirki ba ne, tsoro ne, ko inuwarsa ta daka masa tsawa sai ya ce to. Matarsa Rahamatu kuwa cewa take tun da aka kawo ta gidansa ba ta taɓa jin a'a ta fito daga bakinsa ba. Abin da kowa ya yarda da shi ɗaya ne: shi da Darakta, Alhaji Mahmuda, nono ɗaya suka sha. Uwar Rabo ta rasu yana jinjiri a Birchi, sai Gogo, mahaifiyar Mahmuda, ta haɗa su ta shayar.

Ofishin nasu reshe ne na wata hukumar gwamnati a Dutsin-Ma. An sallami ma'aikata goma sha ɗaya ba ko takardar gargaɗi, ƙungiya ta shiga yajin aiki. Aka garƙama kwado a babbar ƙofa, aka ɗaura mata ɗanyen ganye, aka yanke wuta. Duk wanda aka kama ya leƙa aiki, sai a manna sunansa a bango, a sace masa iskar babur, a raka shi da ihu har bakin titi. Darakta kaɗai ke shiga ta ƙofar baya.

A mako na uku, ranar Talata bayan la'asar, shugaban ƙungiyar, Kwamared Ikrima, ya yi sallama a gidan Rabo.

"Malam Rabo, an ce makullin ɗakin makara na masallacinku shina hannunka."

"Wa aka rasa, Kwamared?"

"Ba kowa. Mulkin Darakta za mu yi wa jana'iza gobe. Matashin kai biyu da tabarma, mu zagaya gari, gwamnati ta ji kunya."

Rabo ya ce, "Makara ai ba abin wasa ba ce."

"Korar mutum goma sha ɗaya wasa ce?" Ikrima ya matso. "Ko gaskiya ne abin da ake faɗi, kai ke kai ma ɗan'uwanka rahoto? Akwai sauran wuri a bango hwa."

Rabo ya kalli ƙasa ya ce, "To."

Laraba, ranar kasuwa, suka bari Darakta ya shiga, sannan suka sa wa ƙofar bayan kwado. Ikrima ya hana waƙa, ya hana ɗaga kwali, ya ce a tafi shiru yadda ake raka gawa, abin ya fi shiga jiki. Rabo na cikin huɗun da suka saɓa makarar. Ya ɗauki gawa ba adadi, yau kuwa kayan ba nauyi. Masu shaguna suka riƙa miƙewa. Wani mai shayi ya kashe rediyo. Mutanen da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba, suka bi sahu neman lada.

A kwanar kasuwa Rabo ya hango Malam Hudu mai hatsi, maƙwabcin Gogo a Birchi, ya tsayar da babur da buhu biyu a baya. Ya ji shi yana tambayar wani daga cikin masu yajin, "Bawan Allah, wa ya rasu?"

"Darakta Mahmuda!" in ji wancan, yana danne dariya. "Yau za mu rufe shi."

Malam Hudu ya dafe kai yana salati, ya laluba aljihu ya ciro waya. Tsakaninsa da Rabo bai fi taku goma ba. Kalma biyu ta isa. Amma Ikrima na tafe dab da kafaɗarsa, sai Rabo ya haɗiye maganar, ya ɓoye fuska a bayan makarar, suka wuce.

Da suka dawo ƙofar ofis, motar 'yan sanda na gefe, wasu riƙe da bindigar barkonon tsohuwa. Aka dire makarar, aka yaye tabarma, matasan kai suka bayyana. Masu yaji suka ɓarke da sowa, masu neman lada suka watse suna Allah wadai. A nan wayar Rabo ta yi ƙara. Murja ce, ƙanwar Darakta, muryarta kamar ba tata ba.

"Yaya Rabo, da gaske ne? Wayarshi a kashe! Gogo ta faɗi a bakin murhu. Ta kira sunanshi, Yaya Rabo, sau uku ta kira!"

Mahmuda ɗan fari ne. Shekara hamsin da wani abu Gogo ba ta taɓa kama sunansa ba, sai dai ta ce "wancan".

"Shina da rai, Murja! Wallahi shina da rai!"

"To ba ta ji! Idonta a kafe. Ku kawo shi ta gani!"

Rabo ya kutsa cikin taro ya riƙe hannun Ikrima. "Kwamared, makullin baya."

"Sai ya sa hannu an maida mutanenmu."

"Uwarshi za ta mutu. An kai mata labarin makara."

"Dabara ce, Malam Rabo. Shi ya turo ka?"

Rabo ya sunkuya ya ɗauki dutse, ya nufi bayan ofis, ana binsa da "Munafuki! Ɗan rahoto!" Wani ya jefe shi da ledar ruwa. Sai a bugu na shida kwadon ya buɗe. Da ya waiwaya, Ikrima na tsaye ya ware hannuwa ya tare mutanensa, fuskarsa ta sauya.

Darakta na zaune cikin zafi, ya kashe waya saboda zagi. Rabo bai ce Yallaɓai ba.

"Mahmuda, tashi. Gogo ce."

A kan babur ɗin Rabo suka ɗauki hanyar Kurfi zuwa Birchi. Darakta na ta tambaya daga baya, iska na kwashe maganar, Rabo kuwa ba abin da yake yi sai addu'a a zuci kada su tarar an rufe ta da zane.

A ƙofar gida har an shimfiɗa tabarmin zaman makoki. Da mutane suka ga wanda ya sauko, wasu suka ja da baya, Malam Hudu ya zauna daɓas a ƙasa. Gogo na kwance a ɗaki, Murja na mata fifita, bakinta ya ɗan karkace. Mahmuda ya durƙusa ya ɗora hannunta a fuskarsa. An daɗe kafin yatsun su motsa. Suka shafa gemunsa, suka kama kunnensa. Numfashinta ya sauko.

"Wane marar tsoron Allah ne," ta ce, harshenta na sarƙewa, "ya ba su makara?"

"Bari, Gogo, zan bincika," in ji Mahmuda.

Rabo na bakin ƙofa. Ba wanda ya kalle shi, ba kuma wanda ya san shi ne a ɗakin. Ya cire hularsa, ya rarrafo har gefen tabarmar.

"Ni ne, Gogo. Ni na aro ta, ni na saɓa ta. Na ga Malam Hudu ya ɗauki waya, na yi shiru don tsoro. Ki yafe mani, Gogo. Don Allah ki yafe mani."