Kafinta da Murhun Gawayi

Ranar da aka sallamo matar Kafinta daga asibiti, likita ya ja masa kunne: ƙirjinta ba ya son hayaƙi, kada a ƙara hura gawayi da leda ko kalanzir a gidan. Gidan kuwa ɗaki ne da ɗan tsakar gida kamar tafin hannu. Shi kuma gogan, tun da aka yi auren nan bai taɓa hura wuta ba. Nasa dai ya miƙe ƙafa a kawo.

Washegari da safe sai ga yayar matar, ko mayafi ba ta cire ba.

"Ƙanwata, haɗa kayanki. Gidana akwai gas. Ba zan zuba ido hayaƙi ya ƙarasa ki ba."

Kafinta ya san Yaya sarai, ko tsintsiya ta ara ba ta mayarwa da wuri, balle ƙanwarta. Shi kuwa kwanakin asibitin nan kaɗai sun ishe shi kewa.

"Yaya, a yi min haƙuri. Zan hura, kuma ba hayaƙi."

"Kai ɗin? To bismillah. In butar shayi ta tafasa ƙanwata ba ta yi tari ba, ni kaɗai zan koma."

Ashe da shirinsa. Tun jiya a shago ya narka guntayen kyandir a gwangwani, ya cika ramukan kwalin ƙwai da garin katako, ya tsiyaya narkakken kyandir a kai. Da ya daskare ya yayyanka. Ya gwada ɗaya, ya ga yana ci a hankali, harshensa fes.

Ya sa guda a gindin murhu, ya hau jera gawayi. Amma hali zanen dutse. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana yaƙi da giɓi tsakanin katako da katako, ina zai iya ganin kafa ya ƙyale? Ya zaɓi wannan, ya juya wancan, ya cike sauran ramukan da ɓurɓushi, har saman ya yi sumul. Ya ƙyasta ashana ya zura ta gefe. Wutar ta ɗan leƙo, ta mutu. Na biyu ma haka. Ya yi fifita har gumi ya jiƙa masa riga.

"Ƙanwata, sa takalminki," in ji Yaya.

Matarsa tana jingine da taga, tana dariya ƙasa-ƙasa.

"Maigida, ba fa durowa kake haɗawa ba. Ka toshe ta ko'ina, ta ina za ta shaƙi iska? Ni za ka tambaya."

Kafinta ya dubi aikinsa. Sai ya kife murhun gaba ɗaya. Ya sa wani yankin kwalin kyandir ɗin a tsakiya, ya jingina manyan gawayi a kansa barkatai, kafa nan, rami can. Wallahi ransa bai so ba, aiki ne da ko kyauta ba zai ba mutum ba. Ya buɗe 'yar ƙofar ƙasa, ya juya ta wajen iska, ya kunna, ya ɗaure hannuwansa a baya don kada su yi gyara.

Harshen wuta ya bi ta kafofin nan ya hau. Gawayi ya fara ƙas-ƙas, gefensa ya yi ja, jan ya bazu. Ya ɗora buta. Yaya ta kasa kunne tana jiran tari, har murfin buta ya soma rawa ba ta ji ko gyaran murya ba.

"Ta tafasa!" Kafinta ya daka tsalle, ƙato da shi. "Yaya, ta tafasa!"

"Na gani, ba makauniya ba ce ni." Ta zare mayafi, ta ja kujera. "Zuba min, kada ka cika sukari."

Ya zuba mata. Kofi na biyu kuwa ɗaki ya kai shi. Ya tarar da matarsa zaune a bakin gado, ta ture takalmin ƙarƙashin gadon, tana mayar da kayanta cikin durowar da ya haɗa mata.