Namijin Kanya

Bayan masu gawayi sun cinye dajin, kanya biyu kaɗai suka rage a bayan gari. Ɗaya tana 'ya'ya. Ɗayar kuwa, tun Goggo tana yarinya ba a taɓa ganin ko ƙwara a jikinta ba. Duk shekara Goggo ke tsinto 'ya'yan ta raba wa jikoki, ta shuka ƙwallayen, awaki su bi su cinye tsiron.

Sai ciwon gwiwa ya kwantar da ita. Ranar da ta fara fitowa tsakar gida, ɗan ƙaninta, wanda sassaƙa ce sana'arsa, ya shigo yana mirgino sabon turmi.

"Goggo, wancan turmin naki ya girme ni, haƙoransa ma sun zube. Ga sabo."

"Ja'iri, yau kuma ka tuna da ni?"

Ta shafa bakin turmin tana murmushi. Ta sake shafawa, ta kai hanci. Hannunta ya tsaya.

"Ina ka samo icen nan?"

"Kwantar da hankalinki, ban taɓa taki ba. Juyar nan na sare, wadda ba ta tsinana wa kowa komai."

"Ba juya ba ce," ta ce a hankali. "Namijin ne."

"Ice ma da miji, Goggo?" Ya tuntsire da dariya, ya ga shi kaɗai yake yi.

"Daga furensa ƙudan zuma ke ɗibar gari su kai wa macen. In babu shi, babu 'ya'ya."

Ya durƙusa gabanta. "Me ya sa ba ki taɓa faɗa ba?"

Babu wanda ya taɓa tambayarta, ita kuma ta ɗauka kowa ya sani.

Ya hau kekensa ya zaga ƙasar, ko akwai wani namijin a kusa. Gonaki ya tarar, da ramukan gawayi.

Da lokaci ya yi, kanyar ta cika da fure kamar ba abin da ya faru. Goggo ta dogara sanda ta je, da kwandonta a hannu don sabo. Ta zauna a kan kututturen. Ƙudan zuma na ta shawagi a sama, furen yana kakkaɓowa yana zuba a cinyarta, ta rasa wanda za ta ce wa ya daina.