Maɓallin da Hoto Ya Rufe

…kuma ga shi nan dai, ƙarara, a tsohuwar wayar gwaji mai tsagaggen gilashi. Hoton likita mai murmushi ya sauko ya hau kan maɓallin "Nemi ganin likita", ya rufe shi ruf, sai ɗan koren gefensa ke leƙowa ta ƙasan haɓar likitan. Tana dannawa. Shiru. Tana sake dannawa — hoton take taɓawa, ba maɓallin ba. Ta sabunta shafin intanet ɗin. Haka dai.

A kwamfuta lafiya lau. A wayar Oga lafiya lau. Burauzar tsofaffin wayoyi, manhajar buɗe shafi, ita ce kawai ke jibga abu kan abu… wato wayoyin mutanen da aka yi shafin dominsu. Mai ciki. Tsoho mai hawan jini. Uwar da ɗanta ke zazzaɓi, tana ta danna fuskar likita tana jira.

Uku saura kwata. Ƙarfe huɗu mutanen asibitin da ake yi wa shafin za su zo a nuna musu aiki.

To me ya sa ƙirjinta ya yi wasai haka? Daɗi ne wannan? A'uzubillahi — daɗi take ji?

Aikin ƙawarta Injiniya ne ai. Injiniya! Wata biyar da zuwa, har an raɗa mata suna. Ita kuwa shekara bakwai a kan kujerar nan da ƙafarta ɗaya ke ƙara, sunanta Anti. Anti, firinta ta ƙi. Anti, ina makullin sito? Anti, Anti, sai ka ce ita ta yi rainonsu. Ko sau ɗaya wani ya taɓa yin tuntuɓen harshe ya ce mata Injiniya?

Ga ta can ta cikin gilashin ɗakin taro, tana jera kujeru, tana dariya da Oga. Wannan dariyar — mai karkata kai gefe. Tun a makaranta haka take yin ta. Ɗaki ɗaya, kwamfuta ɗaya, tata, mai zafi kamar dutsen guga. "Ƙawata, don Allah sake maimaita min, kaina ya toshe." Wa ya riƙe wa Injiniyar hannu a kan linzamin kwamfuta? Wa ya nuna mata yadda ake ajiye akwati a shafi ya tsaya inda aka ce ya tsaya? Shekara huɗu tana gida tana rainon tagwaye, ta ce komai ya zube mata… wa ya ɗauki takardunta ya kai teburin Oga? "Ranka ya daɗe, ni na tsaya mata." Da bakin nan nata. Wannan bakin.

Ita kuwa kwana uku ta yi a kan jerin zaɓin da ke saman shafin, wanda ke sulalewa bayan hoto in an buɗe shi. Kwana uku! Ta ƙara wa lambar da ke cewa wane ne a sama wane ne a ƙasa, ta kai ta ɗari, ta kai ta dubu, ta jera tara-tara har ta ji kunyar kanta — ko gezau. Sai ga ƙamshin turaren Injiniya a kafaɗarta. "Ƙawata, ko in ɗan gwada?" Minti goma. Ko shayinta bai huce ba. Ashe ba lambar ba ce, uwar akwatin ce ta kulle 'ya'yanta a ciki. Ta sani ai! Ta san wannan tun kafin… da an ba ta rabin awa da ta gano. Da ta gano mana.

"Ku koyi aiki wurin Injiniya." Oga, gaban kowa, ran Litinin. Aka yi tafi. Ita ma ta yi. Har tafin hannunta ya yi ja, don kar a ce.

Uku da minti biyar.

In ta yi shiru fa? Ba ita ta ɓata ba. Ta mayar da wayar cikin aljihun tebur, ta kulle. Shugabar asibitin nan, mai gilashi a kan hanci, ba ta yarda da allon bango, da wayarta take gwada komai, kuma wayar tata ta kwana biyu. Za ta danna. Za ta sake dannawa. Ta ɗago kai… sai Oga ya juya ya kalli — 

Kai! Ita ce kuwa? Ita da ta kwana a asibiti ranar da aka haifi tagwayen? Ita da yaran ke kira Mama Ƙarama?

To ba shiru ba. Ta je wurin Oga kai tsaye, cikin ladabi. "Ranka ya daɗe, na ɗan lura da wani abu a gyaran da aka yi." Aka yi. Ba sai ta kama suna ba. Ai ceton aiki ne, ko ba haka ba? Wa zai ce hassada ce? Amma sai da hujja. Kowane layi a aikin nan yana ɗauke da sunan wanda ya rubuta shi da ranar. Ta buɗe tarihin. 

Ga gyaran Injiniya. Layi huɗu, tsaf-tsaf, ko waƙafi bai kauce ba. Ba su ne suka sauko da hoton ba. Ƙasa… ƙasa kaɗan… ga shi. Layin da ya kafe hoton a wuri ɗaya, ya yanka masa tsawo ba tare da la'akari da ƙaramin allo ba.

Sunanta. Ba na Injiniya ba.

Shekara biyu da suka wuce. Nata ne. Daga tsohon tsarin da take kwafowa duk sabon aiki, wanda take taƙama da shi, wanda take cewa ba a taɓa mata.

A samansa kuma ga ɗan rubutu, irin wanda ake bari a cikin aiki don abokin aiki kawai: "Wannan zai iya ba da matsala a ƙananan wayoyi. Ban taɓa ba, sai mun duba tare da ƙawata."

Ran Talata ke nan. "Ƙawata, in kin samu sarari akwai abin da zan nuna miki." Ina da aiki, ta ce mata. Ran Laraba, a bakin ƙofa, da jaka a kafaɗa. Ina sauri. Ko kallonta ba ta yi ba. Kuma da Oga ya tambaya a taro wai daga ina matsalolin shafin nan suke fitowa, me Injiniya ta ce? "Halin burauza ne kawai, ranka ya daɗe." Tana murmushi. Ta sani, ta rufa mata asiri.

Har a nan ma sai ta fi ta? A aiki ta fi ta, a kirki ma…? Da ma ta tona ta. Wallahi da ta tona ta gaban kowa, da yanzu tana da abin riƙewa, da ta san inda za ta ajiye wannan haushin.

Uku da rabi. Layi ɗaya ne. Minti biyu ya isa ta goge shi, babu wanda zai sani — sai mutum ɗaya. Tarihin zai nuna. Za ta gani, ta yi shiru, ta sake yin shiru, ta ci gaba da kiranta ƙawata.

Ƙofar ɗakin taro ta buɗe. Takun takalmi, yana matsowa.

"Ƙawata, lafiya? Na ga kin yi zuru."

Yatsanta na kan layin. Bakinta a buɗe. Na gode za ta ce, ko yi haƙuri, ko… ta gaji. Ita dai ta gaji. Wanne ne ma ake fara faɗa?