Reshen da Ya Rage

Aikina ba shi da wani siddabaru. Kamfani ya kira ni, in ɗauki matsalarsa in tsattsaga ta gida-gida, har ta zama abin da hannu zai iya kamawa.

Wannan karon manajan wata masana'antar kujeru ne ya neme ni, ɗan mai wurin. Kayansu ba sa isa ga masu saye a kan lokaci. Tun a bakin ƙofa ya rage murya.

"Gaskiya Baba ne matsalar, Hajiya. Ya tsufa. Ki ba da shawara kawai ya koma gida ya huta."

Na ce masa ni ba a fara min da amsa.

Na zana bishiya mai rassa uku a allon ofis. Jinkirin ko dai daga karɓar oda yake, ko haɗa kujerun, ko kai su. Na zauna da mai karɓar oda, na bi direba har cikin kasuwa, na datse rassa biyu. Saura haɗawa. Injuna lafiya lau, katako ga shi nan jibge, amma kusan kowace kujera sai an yi ta sau biyu.

Shugaban kafintoci ya fayyace min yana karkaɗe garin katako daga gemunsa. Da safe ɗan zai ce a rage ƙafar kujera, da rana uban ya ce a mayar yadda take. Bango ɗaya ne tsakanin ofisoshinsu, amma an manta rabon da su yi magana baki da baki.

"Ni ne wayarsu," in ji shi, "kuma wallahi batirina ya kusa mutuwa."

Na tara uban da ɗan da shugaban kafintocin, na nuna reshen da ya rage: umarni biyu a kan kujera ɗaya. Na ce mutum ɗaya ya riƙa ba da awo. Ban ambaci sunan kowa ba.

Tsohon ya kalli allon. Tausayinsa ya kama ni, don na ga ya gane wanda ya kira ni da abin da ake so in faɗa. Ya zaro tef ɗin awonsa daga aljihu, ya ajiye a gaban ɗansa.

"Da ka tambaye ni, da tuni na ba ka. Ba sai ka ɗauko baƙuwa ba."

Har na gama goge allon, manajan bai iya miƙa hannu ya ɗauka ba.