Ordinatar Nasiba da Sharjar Baba

Nasiba ƙanwata ce. Na girme ta da shekara uku, amma ita ce mai karatun gidanmu. Ni na bar lakol, wato makaranta, tun aji biyu na kolej. Na yi kabu-kabu, na bi kamiyo, babbar motar kaya, zuwa Kwatano sau shida, na sayar da esans, wato fetur, a kwalba, kafin na zo na zauna ina gyaran salula da ordinata, wato kwamfuta, a wata rumfar kwano kusa da tashar Gaya. Ita kuwa ta wuce Yamai tana koyon zanen gini.

Ranar Laraba ta zo gida, Lahadi da safe za ta koma, don ranar Litinin da ƙarfe goma za ta tsaya gaban malamai ta kare aikinta na ƙarshe. Aikin zanen kasuwar kifi ne da ta yi wa garin Tunuga na bakin kogi, yana cikin ordinatarta, wata tsohuwar na'ura mai nauyi da muka saya mata a hannu na biyu. Matsalar ita ce duk lokacin da ta so juya ginin don a gan shi ta kowane gefe, sai hoton ya daskare, na'urar ta yi ta huci. Tun wata guda da ya wuce na gaya mata laifin kart girafik ne, wato allon da ke zana hoto a ekran, fuskar na'urar, kuma irin na'urarta ana iya cire shi a sa wanda ya fi shi ƙarfi. Kabiru direba ya riga ya kawo min ɗaya daga Kwatano, naɗe cikin tsohuwar jarida.

Da Nasiba ta ajiye jakar ordinatar a kan teburina ba ta saki hannun ba nan da nan.

"Yaya, in ba ka da tabbas, bar min ita da jan ƙafarta," in ji ta.

Na ce mata ta je ta ci tuwon Inna ta huta, gobe war haka za ta ga kasuwarta tana juyi kamar fanka.

Alhamis da safe na kwance na'urar, na cire tsohon kart, na sa sabo, na shafa masa man sanyaya, na ɗaure. Da na kunna sai ta ƙi karɓarsa. Ta rubuto wani layi da Ingilishi ta tsaya. Na bincika a intanet na gano cewa BIOS ne ya ƙi. Shi BIOS ɗan shiri ne da ke zaune cikin wata ƙwaya mai ƙafa takwas a jikin babban allon na'ura, shi ke tashinta kafin komai, kuma bai san wannan baƙon kart ba. Wasu masu gyara sun sa wani BIOS da aka yi wa kwaskwarima a intanet. Na sauko da shi, na kwafe na asali na adana a kile, ƴar ma'ajiyar da ake sokawa a jikin na'ura, na mayar da tsohon kart don na samu ganin abin da nake yi.

Duk mai gyara ya san doka ɗaya game da filashi: in aka fara rubuta sabon BIOS, kada kuran, wato wutar lantarki, ya yanke sai an gama. Batirin Nasiba kuwa ya mutu tun bara, na'urar ba ta rayuwa sai da waya a jikin priz, wato soket. Na'urar ma ta gargaɗe ni game da batirin, na tilasta mata. Na duba kuran yana nan daram tun safe, na yi bisimilla na danna. Koren layi ya fara tafiya a hankali.

Yana kashi arba'in aka yi sallama a bakin rumfa.

Malam Yakuba ne, dillalin kifi, mahaifin Khaulat, yarinyar da iyayena suka je tambayar aurenta wata biyu da suka wuce. Tun daga ranar ban taɓa haɗa ido da shi ba. In na hango shi a kasuwa sai na canza hanya, kamar yadda ya dace. Bai taɓa zuwa rumfata ba sai ranar.

Na sauka daga kujera na durƙusa, kaina a ƙasa. Ya fara gaisuwa irin ta manya, wadda ba a yi mata gaggawa. Ya aiki, ya zafi, ya mutanen gida, ya ƙafar Inna. Ina amsawa ina kallon takalminsa. Sai na ga ya sa hannu aljihu ya fito da ƙaramar salularsa da sharja.

Ralonj ɗaya gare ni, wayar jan wuta mai rami biyar, tana kan benci a bakin ƙofa. A tashar Gaya ba a neman izinin priz. Kowa ya zo ya ga rami ya soka, in babu rami ya zare na wani ya sa nasa, mai shi in ya dawo ya yi ƴar mita ya mayar. Ni kaina haka nake yi a rumfunan mutane. Ranar duk ramukan biyar a cike suke. Na ga hannunsa ya bi ta kan fararen sharjoji huɗu na mutane, ya bar su, don shi mutum ne mai kara, ya tsaya a kan baƙar waya mai kauri. Ina jin ya ɗauka ta fanka ce.

Maganar ta zo min har maƙogwaro. Kalma biyu ce kawai, Baba kar. Amma ta yaya zan buɗe baki na hana surukina abu, a ranar farko da ya tako wurina, yana tsakiyar tambayata lafiyar mahaifiyata? Na ce, "Ta ji sauƙi, Baba." Ya zare wayar. Ekran ya mutu a kashi sittin da uku.

Ya zauna kusan rabin awa. Na aika aka kawo masa shayi. Ya yi zancen ruwan kogi da bai sauka ba bana, da yadda rumfata take da tsabta. Da salularsa ta ɗan sha wuta ya zare, ya mayar da baƙar wayar inda ya same ta, ya sa min albarka ya tafi.

Na danna maɓalli. Fankar ciki ta juya, wata ƴar fitila ta ƙifta, ekran bai ce komai ba. Na gwada sau goma. Na cire ƙaramin batirin allo na mayar. Haka dai.

Nasiba ta zo bayan la'asar da kwanon fura. Na gaya mata komai, ban rage ba. Ta ajiye kwanon a gefen baƙin ekran.

"Kana gani ya kama wayar?"

Na ce ina gani.

"Bakinka ya ƙetara kogi zuwa Malanbil ne a lokacin?"

Na ce ta bari sai ta yi nata surukan mu ga ƙarfin bakinta. Ta yi dariya har ta dafa tebur, dariyar ta ƙare da hawaye, ta juya baya ta share da gefen mayafi. Na nuna mata cewa aikinta yana nan lafiya cikin disk, babu abin da ya taɓa shi. Ta ce ta sani, amma a duk Gaya wace na'ura ce za ta iya buɗe shi, kuma a Yamai kowa da tasa zai shiga ranar Litinin, wa zai ba ta aro? Na roƙe ta abu ɗaya, kada maganar ta kai gidan su Khaulat. Ba ta ce to ba.

Hanya ɗaya ta rage. Akwai wata ƴar na'ura mai matsi kamar na shanyar kaya, ana kama ƙafafun ƙwayar BIOS da shi a rubuta mata daga wata ordinata, ko da mai ita a mace take. Ina da tsohuwar ordinata a rumfa, amma ba ni da ƴar na'urar. Hasan ne ke da ita, wani abokin sana'a a Kamba, can ɓangaren Nijeriya. Juma'a da sassafe na hau moto, wato babur.

Hasan ya sa na maimaita labarin sau biyu, ya kira maƙwabcinsa ya zo ya ji na uku. Ya ce mu mutanen Nijar kunya za ta kashe mu, shi da surukinsa har ƙwallo suke kallo tare. Na ce ai shi ya sa har yau ba a ba shi matar ba. Ya ba ni na'urar, ya gargaɗe ni cewa matsin ya tsufa, yana zamewa.

Gaskiya ya faɗa. Bayan sallar Juma'a na zauna a kanta har magariba. In na kama ƙwayar sai matsin ya goce, ko ya kama ƙafa bakwai ya bar ɗaya. Ga mutane suna ta shiga da fita, wannan ya bugi tebur, wancan ya jawo ralonj. Sau biyu na fara rubutu ya lalace a tsakiya. Na tashi na zagaya tasha sau uku, har na tsaya ina kallon wata kamiyo mai shirin tafiya Doso, ina jin kamar na haye.

Asabar da safe, ina buɗe rumfa Nasiba na gefena, na ga Malam Yakuba yana tahowa riƙe da kujerar roba. Na durƙusa. Ya amsa gaisuwa a gajarce, ya ce yana jiran wani mutum daga Tunuga, ya ga inuwar nan ta fi. Ya dasa kujerar a tsakiyar ƙofa, ya ba mu baya, ya fito da carbi. Na dubi Nasiba. Ta ɗauke kai tana gyara mayafi.

Wanda ya fara zuwa da salula mai shayin maƙwabta ne. Malam Yakuba ya tare shi da gaisuwa mai tsawo, ya tambayi ƴaƴansa ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ce masa, "Yau babu sharji a nan. Ana aiki." Haka ya yi wa wani direba, da mai sayar da goro, da Kabiru ma da ya zo jin labarin kart ɗinsa. Har azahar ba wanda ya taka cikin rumfar. Mutumin Tunuga bai zo ba, ba wanda ya tambaya.

A ciki na cire ralonj daga benci na ɗaure ta a ƙafar tebur. Nasiba ta ce na ba ta matsin. Ta kama shi da hannu biyu, ta kafa gwiwar hannu a tebur, ta ce na fara. Na goge ƙwayar, na ɗauko BIOS na asali daga kile, na soma rubutawa. Minti goma sha ɗaya ba ta motsa ba, gumi yana ɗiga daga haɓarta, ƙuda ya sauka a hancinta ta bar shi. Na'urar ta duba abin da aka rubuta ta ce ya yi daidai. Na haɗa wayoyi na danna, ekran ya kawo haske.

Nasiba ta ce a tsaya haka, tsohon kart ya ishe ta. Na ce ta ba ni zuwa la'asar. Yanzu da matsin yake hannu, ko ta sake mutuwa minti goma sha ɗaya ne. Ta dube ni, ta dubi bayan Baba a ƙofa, ta sake miƙo hannu.

Muka rubuta wanda aka yi wa kwaskwarima, na sa sabon kart, ta tashi. Saura pilot, wato shirin da ke koya wa na'ura magana da kart. Na sa na bana, ya ce bai ga kayan da ya sani ba. Hotunan ekran suka yi manya-manya kamar na salular tsofaffi. Nasiba ta ɗauki salulata tana karanta min abin da masu gyara suka rubuta, tana juya min shi da Hausa, inda ba ta gane ba ni na gane, don ita ta san harshen ni na san kayan. Na buɗe wani fishiye, wato fayil, na rubuta lambar kart ɗin da hannu. Ya shiga, amma ekran ya riƙa ɗaukewa yana dawowa. Can ƙasa wani ya rubuta cewa irin wannan kart ya fi zama lafiya da pilot na shekara uku baya. Na goge na bana tas, na sa tsohon. Ekran ya tsaya cak.

Ta buɗe kasuwarta. Ta ja da yatsa, ginin ya juya sumul, rufin kwano, rumfuna layi-layi, matakala har bakin ruwa. Ta juya shi hagu, ta juya shi dama, ta shiga ciki ta fito. Ta ɗan dungure min kai.

Ta so ta kai wa Baba ya gani, amma na'urar ba ta barin priz, don haka ta roƙe shi ya shigo. Ya shigo da hannuwansa biyu a baya, ya sunkuya. Ya daɗe yana kallo. Sai ya tambaya ina gabas. Ta nuna masa. Ya ce ginin ya yi kyau, amma matakalar nan in ruwa ya cika ta nan yake fara ci, masunta ba za su ɗaure jirage a wurin ba, can ƙasa da kwanar kogi suke tsayawa. Nasiba ta jawo takarda tana rubutawa, tana yi masa tambayoyi. Ni na koma lungu na durƙusa. Da zai tafi ya ɗauki kujerarsa, ya ce min, ba tare da ya juyo ba, "Allah ya yi wa sana'a albarka."

Lahadi na raka ta tasha, na naɗe sharjar da kaina na sa a aljihun jaka, na ce ta shiga ɗakin jarrabawar da wuri ta zauna kusa da priz.

Litinin da ƙarfe sha biyu ta kira. Kafin ta yi magana na tambaye ta ko ekran ya ɗauke, ko na'urar ta yi zafi, ko ginin ya juya.

"Ya juya," in ji ta. "Yaya, ba ka tambaye ni ko na ci ba."

Na ce to, ta ci?

Ta ce sai na sayo mata sabon batiri za ta gaya min. Ina jin ƙawayenta suna ta guɗa a bayanta.