Shirun Injiniya

Likitan da ya binciki gawar Kanari ya rubuta cewa shaƙe ta aka yi, kuma rai ya fita ne tsakanin sha ɗaya na safe da uku na yamma. Ya ce ba zai iya matse lokacin fiye da haka ba, domin an tarar da na'urar sanyaya ɗakin a ƙure, gawar ta yi sanyi da wuri. A cikin awa huɗun nan mijinta ya samu wurin ɓuya, har da miƙe ƙafa.

Kanari suna ne da masoya suka laƙaba mata saboda muryarta. A gida kuwa Yaya ce, kuma mutum ɗaya ke kiran ta haka, wato Auta, ƙanwarta, mai aikin gwajin jini a asibiti. Auta ta je gidan a safiyar ranar. Ta iske yayarta da kumburi a gefen ido, da akwati a ƙarƙashin gado.

“Gobe zan dawo wajen Inna,” in ji Kanari. “Kar ki gaya mata tukuna, kin san hawan jininta.”

Auta ta fita sha ɗaya da minti ashirin don ta kama aiki. Ganin ƙarshe ke nan.

Sufeton da ke riƙe da binciken ya zana mata ranar a kan allon ofishinsa, layi bayan layi. Kyamarar maƙwabta ta nuna motar mijin ta fita sha biyu da rabi. Daga ƙarfe ɗaya zuwa uku da rabi yana gidan rediyo, ana hira da shi kai tsaye, gari duka na ji. Huɗu da kwata ya dawo tare da abokan aiki biyu, suka tarar da ƙofar baya a ɓalle, akwatin sarƙoƙi babu, matar gida a kwance. A tsakiyar allon kuma Sufeto ya kewaye lokaci ɗaya da jan alƙalami: biyu da minti goma. A lokacin ne saƙon murya ya fita daga wayar Kanari, wadda hasumiyar sadarwa ta tabbatar ba ta motsa daga gidan ba, ya faɗo wayar Auta. Daƙiƙa goma sha huɗu ne: “Auta, kaina ke ciwo. Zan ɗan kwanta. Kar ki zo yau. Sai na kira ki.”

“Muryarta ce ko ba muryarta ba?” in ji Sufeto.

“Muryarta ce.”

“To Malama, kin fi ni boko, amma gawa ba ta aika saƙo. Biyu da minti goma tana da rai, shi kuma yana bakin makirfo. Ko tsuntsu ne shi?”

“Kumburin idon fa? Akwatin fa?”

“Saɓanin miji da mata. Ɓarawo muke nema. In shekara ta ƙare ba mu same shi ba, fayil zai hau kanta ya sha ƙura, kin dai san abin da hawa kanta ke nufi.”

Ta sani. Abin da ya fi ci mata rai shi ne, wayarta ce ta wanke mijin. Cikin duk mutanen duniya, ita ya zaɓa ta zama shaidarsa.

Mijin injiniyan sauti ne, shi ke naɗar waƙoƙin Kanari a sitidiyon da ke ƙasan gidansu, kowa Injiniya yake ce masa. Ya yi kuka a talabijin har mai gabatarwa ta miƙa masa hankici. Jama'a kuwa, da suka rasa wanda za su kama, sai suka waiwayo kan wadda ta ga mamaciyar a ƙarshe. Aka baza hoton Auta a waya, ana cewa dubi idonta, hassada ce, ƙanwa ta gaji da zama a inuwa. A asibiti wata mata ta janye hannunta, ta ce a kira mata wani ya ɗebi jinin. Auta ta kira mata wani, ta wanke hannu, ta ce mai bi mata ya shigo. Ba ta ɗauki hutu ko na yini ɗaya ba. Kullum rigar aikinta a goge, kanta a sama, ta bi ta tsakiyar masu raɗa ba ta gefe ba.

“Ki bar wa Allah, Auta,” in ji Inna. “Ɗaya na rasa, kar ki sa na rasa biyu.”

“Na bar masa, Inna. Amma ai da hannun mutum yake kamawa, ni kuma ga nawa.”

Da ta ji Injiniya na haɗa kundin waƙoƙin tunawa da marigayiya, sai ta kira shi, ta sassauta murya. Ta ce tana so ta taimaka, ko da zaɓen hotuna ne.

“Ƙanwata ta kaina!” in ji shi. “Ai gidanki ne. Ke kaɗai kika rage min da ke kama da ita.”

Haka ta riƙa zuwa duk Asabar da rana, wata biyar cur. Ta gaishe shi da Yaya Injiniya, ta dafa masa shayi a kofin yayarta, ta yi dariyar barkwancinsa. In ta fito sai ta tsaya a bakin titi ta tofar da yawu, ta goge baki, sannan ta tari mota. Ba ta san abin da take nema ba. Ta dai san a wurin aikinta ba a ganin ƙwayar cuta sai an zauna an ƙura ido, wani lokacin har wuya ya ƙage.

Sitidiyon ɗaki ne marar taga, bangonsa manne da soso baƙi, sai tebur mai maɓallai da allon kwamfuta biyu. A kan allon muryar Kanari takan fito kamar jerin duwatsu kore, da ƙananan tudu a tsakaninsu. Wata Asabar Auta tana zaune a bayansa tana jera hotuna, shi yana waya da mai buga fosta, sai ta lura hannunsa na dama bai daina aiki ba. Ko allon ba ya kallo sosai. Ya kama ƙaramin tudu, ya datse, ya liƙa wani abu a gurbin, ya wuce na gaba.

“Yaya Injiniya, me kake cirewa ne haka?”

Ya ajiye wayar yana murmushi, irin na wanda aka taɓo masa inda yake ƙaiƙayi.

“Numfashi. Ke kin san yayarki da asma. Kafin kowane baiti sai ta ja iska da ɗan fito, kamar buta a kan wuta. Shekara goma ina binta ina sharewa. Masoya sun ɗauka Kanarinsu ba ta numfashi. Ni na yi muryar nan, Auta, ita dai ta kawo maƙogwaro.”

“To me kake sawa a wurin?”

“Yauwa, tambayar masu ilimi! In ka bar wurin wayam, kunne zai ji rami. Shiru ma iri-iri ne. Dole ka cike da shirun ɗaki.” Ya buɗe wani ɗan fayil ya nuna mata. “Wannan nawa ne. Na naɗe shi ranar da aka ɗauke wuta a unguwar nan kaf, babu janareta, babu mota. Shekara tara ban sake samun mai tsabtarsa ba. Duk aikin da ya fita daga hannuna yana ciki.”

Auta ta ce kai, Allah ya ƙara basira. Ta ƙarasa jera hotunan, ta yi sallama kamar kullum. Sai da ta zauna a kujerar baya ta mota sannan ta manna wayar a kunne. Ta saurari saƙon nan fiye da sau ɗari a baya, tana kuka, tana bin kalmomin. Yau ta bar kalmomin, ta saurari tsakaninsu. Gado ɗaya suka kwana da Yaya tun suna yara, ta san fiton nan kamar yadda ta san sunanta. A saƙon babu shi ko sau ɗaya. Ta buɗe tsofaffin saƙonni, guda bayan guda: ga fito, ga ƙarar fanka, ga cokali na bugun kofi. Wannan kaɗai ne wankakke tas.

Ta san idan ta kai wa Sufeto kunnenta kawai, dariya zai yi. Ta kuma san idan ta saci fayil ɗin, lauya zai watsar da shi a gaban alƙali. Don haka Asabar ta gaba ta zo masa da wani tsohon saƙo, inda Kanari ke yi wa Inna ya jiki.

“Inna ke son ta riƙa ji, amma fiton nan yana sa ta kuka. Ko za ka ɗan gyara mata?”

“Don Inna? Minti biyar ma ya yi yawa.”

Ta tsaya a kansa tana kallo. Ya datse, ya liƙa, ya datse, ya liƙa. Ya zuba a filash, ɗan ma'ajin da ake sokawa a kwamfuta, har da rubuta “Na Inna” a jiki da hannunsa, ya miƙa mata.

Ta kai filash ɗin da wayarta wajen Dakta, malamarta ta kimiyyar sauti a jami'a, wadda kotuna ke kira idan an yi gardama a kan murya. Tsohuwa ce mai faɗa, ta taɓa korar Auta daga aji saboda gardama.

“Mai bakin tsiya, ke ce?” in ji Dakta. “Ajiye. Ki dawo Laraba, kar ki kira ni kafin nan.”

Ranar Laraba Dakta ta juyo mata da allo. Ta ce shirun gaske ba ya maimaita kansa, kowace daƙiƙa da ɗan motsinta. Amma a saƙon biyu da minti goma akwai giɓi huɗu, kuma shiru guda ne a cikinsu duka, kamar hatimi ɗaya da aka buga sau huɗu. Ta ɗora shi a kan na filash ɗin Inna, suka hau juna ba ragi ba ƙari.

“Ba a wayar aka naɗi wannan ba. A tebur aka ɗinka shi, kuma tela ɗaya ne.”

Saura kwana goma sha ɗaya shekara ta ƙare lokacin da Auta ta ajiye rahoton a gaban Sufeto. Ya karanta sau biyu, ya tashi ya tsaya a gaban allonsa, ya daɗe, sannan ya sa tafin hannu ya goge jan da'irar.

Sauran aikin na masu binciken na'ura ne. Wayar Kanari, da aka sake buɗe ta da kyau, ta nuna an saita saƙon tun sha biyu da minti biyar, ya fita da kansa daga baya. Sufeto ya zo sitidiyon da takardar kotu ranar Asabar da rana, Auta na ciki, shayin da ta dafa bai huce ba. Injiniya ya dube ta.

“Auta, gaya musu mana. Ke ce kika samu saƙon.”

“Ni ce,” ta ce. “Ni ce kuma na kai shi. Wata biyar ina dafa maka shayi, kana tsammanin ƙauna ce? Tashi daga kujerar, malam, mutane za su yi aiki.”

A kwamfutar suka tono aikin da ya goge. An buɗe shi sha biyu saura minti goma sha biyu na ranar kisan. Asalin maganar tsohuwar waya ce da Kanari ta yi wa Auta shekara biyu baya, tana cikin ɗakin naɗa, makirfo a kunne. Yanka biyu kawai yake buƙata, don ya cire inda ta ambaci waƙar da suke naɗa. Sauran ba wanda ya sa shi. Matarsa na kwance a sama, jikinta da ɗumi, shi yana ƙasa yana sauri, amma hannun ya ga numfashi ya kasa wucewa. Sabo turken wawa, in ji Dakta a gaban alƙali, aka ce ta tsaya a kan kimiyya.

Shari'ar ta ci wata goma sha huɗu, an ɗage zama sau tara. Auta ba ta rasa ko ɗaya ba. Takan zauna a layin gaba, daidai inda in ya ɗaga kai sai ya gan ta, kuma ba ta taɓa riga shi kawar da ido ba. Ranar da aka yanke masa ɗaurin rai da rai, gandirobobi suka riƙe shi suka fita da shi. Ta kalli hakan ma har ƙarshe.

A baranda 'yan jarida suka yi mata caa, waɗanda suka baza hotonta a bara waccan. Ta ratsa su ta wuce. Inna ta kamo hannunta tana share hawaye.

“Shi ke nan, Auta. Yanzu sai ki yafe, ki huta.”

“Ke ki yafe, Inna, ke uwa ce, kina da wannan zuciyar. Ni ba a ba ni ita ba.”

Lauyan Injiniya ya zo wucewa da takardu a hammata, ya ɗan tsaya, ya ce kar ta yi saurin murna, za su ɗaukaka ƙara, kuma irin wannan takan ɗauki shekaru.

“Ku sa rana,” in ji Auta. “Ina da hutun aiki na shekara biyu da ban taɓa ba.”